Darasi na 14: Idan Yara Sun Koma Makaranta

A Kano, sabuwar shekarar karatu takan fara a watan Satumba, bayan dogon hutu. Zango uku ne a shekarar: na farko daga Satumba zuwa Disamba, na biyu daga Janairu zuwa wajen Afrilu, na uku kuma ya kai mu Yuli. A wannan darasi za mu tsaya a kan makonni uku ko huɗu na farkon zango na ɗaya, domin a cikinsu ne yaro yake kama hanya ko ya sake ta. Aikin malamin aji mun bar masa abinsa. Namu za mu duba, mu iyaye, musamman mu da muke cin abinci a kamfani.

Agogo uku a gida ɗaya

Panshekara tana cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, kuma da wuya ka shiga layi ba ka sami gidan ma'aikacin kamfani ba. Masana'antun Challawa suna nan kusa, inda ake jimar fata, ana yin kayan roba, ana ɗura lemon kwalba. Wasu Sharada suke tafiya, wasu kuma sai sun ratsa gari sun je Bompai, can ƙaramar hukumar Nasarawa. Kamfanoni da yawa kamu-kamu suke aiki: masu safe, masu rana, masu dare. Wannan shi ne agogon farko, kuma shi ke ciyar da gida, don haka ba a yi masa gardama.

Agogo na biyu na makarantar boko ne, Litinin zuwa Juma'a, kafin ƙarfe takwas an shiga aji. Na uku na Islamiyya ne ko makarantar allo, wadda galibi ake yi daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a. Ku lura da kyau: yaron da yake yin boko da Islamiyya ba shi da rana ɗaya cikakkiya ta hutu a mako. Ranar da wannan ta sake shi, waccan tana jiransa. Yammacin Alhamis da na Juma'a kaɗai ne nasa.

A dogon hutu agogo na biyu tsayawa yake yi. Yaro ya saba da komawa barci bayan asuba, ya ci abinci lokacin da ya ga dama, ya yini a layi yana ƙwallo ko langa. Sai kawai ran Litinin a tashe shi da duku-duku a ce ya yi wanka, ya karya, ya sa kaya, ya je ya zauna shiru awa biyar ko shida. Idan ya yi nawa, ko ya ɓata rai, ko ya fashe da kuka, sai mu ce ya sangarce. Alhali jikinsa ne bai samu labarin an koma ba.

Barci

Masana lafiyar yara sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10. Ƙanana 'yan raino, masu shekara 3 zuwa 5, nasu ya kai awa 10 zuwa 13 idan an haɗa da na rana. To mu yi lissafi. Yaron firamare da za a tasa ƙarfe shida saura kwata don ya yi salla ya shirya, in dai ana so ya sami ko da awa tara, lallai kafin tara na dare ya yi barci. Barci fa, ba kwanciya ana hira ba.

Me yake hana hakan a gidajenmu? Sau da yawa da dare ake kawo wuta, sai kowa ya ce bari ya more kallo kafin a ɗauke. Ga waya, wadda yanzu yara suka fi iyayensu sanin lungunanta. Ga gidan ƙwallo: a Satumba ake fara gasar zakarun Turai, manyan wasanninta daren Talata da na Laraba, ana take leda ƙarfe takwas a tashi kusan goma, daga ƙarshen Oktoba ma sai tara ake farawa. Yaron da ya je ya dawo ya kwanta sha ɗaya, gobe a aji gyangyaɗi zai yi, ko da Malam yana zuba masa karatu kamar me.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo. Maigida ya tashi daga aikin rana, ya iso gida wajen goma ko sha ɗaya, a kunna fitila, a buɗe kwano, ya ba da labarin abin da ya faru a wajen aiki, yara duk su farka. Ba laifinsa ba ne, hakkinsa ne ya ci abinci a gidansa. Amma ana iya shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida in babu ruwa, ko a yi amfani da 'yar ƙaramar fitila a rage murya. Abin kamar ba komai ba, amma awa guda ce ake ceto wa yaro a kowane dare.

Gyaran barci ba ya yiwuwa a dare ɗaya. Tun ana saura mako guda a koma ake farawa: yau a kwanta da wuri da minti ashirin ko talatin, gobe a ƙara, da safe kuma a hana komawa bayan salla. Kafin ranar komawa jiki ya saba. Wanda bai yi haka ba har aka koma, bai makara ba, sai dai zai sha fama a makon farko.

A kuma ɗaura gidan sauro. Satumba ƙarshen damina ne, ruwa ya kwanta a ko'ina, kuma lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Wanda ya kwanta kwana biyar a mako na biyu, ya dawo ya tarar an wuce shi. Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti a yi gwaji kafin a ba shi magani, kada a tsaya ga abin da mai kemis ya ƙulla a leda.

Karin kumallo da kuɗin tara

Kuɗin tara ba ya maye gurbin karin kumallo. Yaron da ya fita da ciki wayam, darasin farko da na biyu duk tunanin awara yake yi, kuma a waɗannan awanni na safe ne aka fi sa lissafi da Turanci. Ba sai shayi da ƙwai ba. Ɗumamen tuwon jiya ya wadatar, ya ma fi riƙe ciki. Abin da yake sa yara latti a unguwanninmu sau da yawa layin mai koko da ƙosai ne: a aiki yarinya ƙarfe bakwai, ta tarar da mutum goma a gabanta, ta dawo ta ci a tsaye, ta isa makaranta an rufe ƙofa ta sha bulala. A nan mai aikin dare yana da rana. Lokacin da yake dawowa shi ne lokacin da yara suke shiri. In ya biyo da burodi ko ƙosai a hanya, ya ɗauke wa gida wannan aiken, in kuma da sauran ƙarfi ya raka ƙaramin bakin makaranta kafin ya kwanta.

"Sai an yi albashi"

A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a Sakkwato, a 2004 kuma ya zama doka: shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole a makarantun gwamnati. Gwamnatin Kano ta shelanta nata ilimin kyauta kuma dole a 2019, a watan Yunin 2024 kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk wannan yana nufin ɗanka yana da hakkin zama a aji, kai kuma doka ta ɗora maka kai shi.

Amma kowa ya san kyautar ba ta kai ga sandal da safa da jaka da kuɗin mota ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya tashi. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, sai dai da yawa daga cikinmu leburori ne, ranar da aka yi aiki ita ake biya. Mai 'ya'ya huɗu ko biyar, Satumba wata ne mai nauyi a kansa, musamman in wasu suna makarantar kuɗi.

Daga nan ne maganar nan take fitowa: "Bari a yi albashi tukuna." An koma makaranta tsakiyar wata, albashi sai ƙarshen wata, sai a ajiye yaro a gida mako biyu saboda takalmi bai samu ba ko wando ya ɗage. A kuma kafa hujja da cewa ai makon farko shara ake yi da yankan ciyawa, ba a karatu. A wasu makarantun da gaskiya a maganar. Amma ko da babu karatu, a makon farko ake rubuta sunaye a rajista, ake raba wurin zama, yara suke zaɓar abokai. A ajin da ya cika maƙil, wanda ya zo da wuri shi ke samun gaba, inda ake jin muryar malami ake ganin allo. Wanda ya zo bayan mako biyu, can baya zai raɓe a jikin bango, kuma mai yiwuwa a nan zai ƙare shekarar. A ganina wannan asara ta fi ta tsohon takalmi nesa ba kusa ba. A wanke tsohon yunifom a goge, a kai wa tela ya saki ƙafar wandon, a je a sami hedimasta a ce masa: "Ranka ya daɗe, sabon kaya sai ƙarshen wata in Allah ya yarda." Da wuya ya kori yaron da ubansa ya zo da kansa ya yi bayani.

Masu dabara tun watan Yuni suke shiga adashin da kwasarsu za ta faɗo a Agusta. Su sayi yadi a Kantin Kwari su kai ɗinki kafin teloli su cika, littattafan rubutu a sayo dozin a Sabon Gari a raba da maƙwabci, jaka da takalmi in sabo ya gagara a leƙa Ƙofar Wambai. Littafin karatun da yaya ya gama da shi a naɗe shi da takarda a ba ƙane, amma a fara tambayar malami ko ba a canza shi ba. Wanda zai sa yaro aji ɗaya kuma ya nemi takardar haihuwa tun da wuri. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take bayarwa, kuma za a ci gaba da tambayarta har sakandare da gaba.

Hanya

Titin Panshekara ba titin yara ba ne. Tireloli da manyan motocin kamfani suna bi safe da yamma, ga tashar tsandauri ta Zawaciki da aka buɗe a Janairun 2023. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, adaidaita sahu ce motar 'yan makaranta, kuma kun ga yadda ake cusa yara a ciki, wasu a gefen direba ƙafa a waje. In za ku haɗa kuɗi ku ɗauki mai adaidaita na wata, ku ɗauki wanda kuka san gidansu, ku kuma yi yarjejeniya da shi a kan yawan yaran da zai ɗauka.

Yaron da zai tafi a ƙasa, a bi hanyar da shi kafin ranar komawa, musamman in sabuwar makaranta ce. A nuna masa inda zai tsallaka, inda zai tsaya, da cewa direban tirela ba ya ganin ƙaramin yaro da yake dab da motarsa. A hana su wasa a kwatocin da ruwan masana'antu yake bi, wanda ya faɗa kuwa a wanke masa ƙafa da sabulu da ya dawo. Yaran layi ɗaya su tafi tare su dawo tare.

Sannan yaro ya san sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauko shi. Duk wanda ba ya ciki, ko da ya san shi, ko da ya ce Baba ne ya aiko shi, kada ya bi shi. Mutanen Kano ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Disamban 2021 tana dawowa daga Islamiyya ba, kuma wanda ya ɗauke ta ba baƙonta ba ne.

Ciwon cikin ranar Litinin

Ga wani misali da kusan kowace uwa za ta gane. An sa Auta aji ɗaya. Kwana uku yana tafiya da murna, jakar ma ba ya yarda a riƙe masa. Ran Litinin ta mako na biyu, an zuba masa ruwan wanka, sai ya tsuguna a bakin rijiya ya riƙe ciki.

"Umma, cikina ciwo yake."

Ta taɓa goshinsa ta ji sanyi ƙalau. Ta tuna jiya Lahadi ya yini yana tsalle, ya cinye ɗanwakensa har ya nemi ƙari. Ba ta ce masa maƙaryaci ba, ba ta kuma ce ya koma ya kwanta ba. Ta ce: "Sannu. Yi wankan, ni zan raka ka yau. In an tashi Yaya zai biyo maka." Da yamma tana tsintar shinkafa, ta kira shi ya riƙe mata faranti. Ba ta ce "yaya makaranta" ba, domin amsar wannan kullum "lafiya lau" ce.

"Wa yake zama kusa da kai?"

Ya faɗa.

"Da aka fita tara me ka saya?"

Shiru. Ya hau wasa da bakin faranti.

"Ba ka sayi komai ba?"

"Wani ɗan aji huɗu ne yake karɓewa. Ya ce in na faɗa zai tare ni a hanya."

Ciwon cikin ba ƙarya ba ne. Tsoro yakan sauka a cikin yaro, ya murɗa masa da gaske. Alamar da za a lura da ita ita ce ciwon da yake zuwa da safen ranar makaranta ya ɓace ran Asabar. Abin da ke ƙarƙashinsa yana da yawa: wani cin zali ne kamar na Auta, wani kunyar neman izinin fitsari ce har ya jiƙa wando aka yi masa dariya, wani banɗakin makarantar ne ba ya iya shiga, wani Turancin ne bai ji ko kalma ɗaya ba, wani kuma allon ne ba ya gani saboda idonsa yana bukatar gilashi ba wanda ya sani. Kowanne da maganinsa, kuma bulala ba ta cikin magungunan.

Ƙananan yara sukan koma baya kaɗan a wannan lokaci. Wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, wanda ya saba wasansa shi kaɗai ya maƙale wa uwa, wani ya dawo gida da faɗa da kuka ba dalili. Yawanci cikin mako biyu ko uku abin yake wucewa. In ya haura wata guda, ko yaro yana ramewa, ko ya daina magana, a je a ga malaminsa a kuma kai shi asibiti.

Abu biyu muke yi da suke ƙara dagula lamarin. Na farko, tsorata yaro da makaranta tun yana gida: "Bari a koma, Malam zai yi maganinka." Wanda aka yi wata biyu ana gaya masa haka, da wace zuciya zai shiga aji? Na biyu, sulalewa. Uwa ta kai yaro, ta ga ya juya baya, ta gudu. Gobe ba zai saki zanenta ba, domin ya gane in ya ɗauke ido za ta ɓace. Gara a yi masa sallama a fili, a gaya masa wanda zai zo ɗaukarsa da lokacin, ko yana kuka a tafi, sannan a cika alkawarin.

Manyan ma suna da nasu

Mun fi kula da 'yan aji ɗaya, mu manta da wanda ya gama firamare ya shiga ƙaramar sakandare. Jiya shi ne babba a makarantarsu, yau shi ne ƙarami, ga siniyoyi. Da malami ɗaya ya sani, yanzu kowane darasi da malaminsa da littafinsa, makarantar kuma ta fi nisa. A taimaka masa ya kwafi jadawalin darussa a manna a bango, ya riƙa shirya jaka tun dare. Wanda aka maimaita wa aji kuwa, kunyar zama da ƙannensa ta ishe shi, kada a ƙara masa da gori a gida.

Akwai yaron da ya yi hutunsa a garejin makanikai ko shagon walda ko wajen ɗinki, ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihu. Koyon sana'a abu ne mai kyau, amma komawa benci yakan yi wa irin wannan yaro wuya. Uba ya je ya sami maigidan nasa su tsara: bayan an tashi daga makaranta, da ranakun da babu boko.

Sai 'ya mace, wadda nauyin safiya yakan faɗa kanta: shara, wanke-wanke, shirya ƙanne, ita ce ƙarshen fita. A raba aikin da 'yan'uwanta maza, wanda za a iya yi da dare a yi shi da dare. Iyaye mata da yawa a nan suna dafa abincin sayarwa a bakin kamfani, kuma a hutu yarinya ce take kaiwa. Da an koma makaranta sai ciniki da karatu su yi karo, domin lokacin cin abincin ma'aikata tana aji. Na san da wannan cinikin ake cefane a wasu gidajen, ba na raina shi. Amma yarinyar da ake cirewa daga aji ƙarfe sha ɗaya kullum, sunanta ne kawai a rajista. A nemi wata babba a unguwa a riƙa ba ta lada ta kai, ko masu abincin su haɗu su ɗauki mutum ɗaya. Idan kuma yarinya ta kai shekara sha ɗaya ko sha biyu, uwa ta zaunar da ita ta yi mata bayanin al'ada tun kafin ta zo mata a aji, ta kuma tanadar mata abin da za ta yi amfani da shi. 'Yan mata da yawa saboda wannan suke fashin kwanaki a kowane wata ba tare da sun gaya wa kowa ba.

"Ni da ban yi boko ba, me zan duba?"

Wannan tambaya tana yawan fitowa a ajin manya. Amsarta: abubuwa da yawa. Buɗe littafin yaro ka dubi kwanan wata a saman shafi. Lambobi ne, kuma kun iya su. In yau 24 ga wata, rubutun ƙarshe kuma na ran 17 ne, to ko yaro ba ya shiga aji ko malami ba ya shiga, kuma duka biyun abin bincike ne. Ka duba ko akwai jan biro, alamar an duba aikin. Ka ce masa: "Karanta mini wannan, ka gaya mini da Hausa abin da ake nufi." In ya kasa, ka gane inda aka tsaya. In ya iya, ya yi bita ke nan kai ma ka ƙaru.

Kuna da wani abu ma da iyayen da suka yi digiri ba su da shi. Hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta buɗe wa magidanta da matan aure ƙofar komawa aji, ku ma ga shi kun shigo. Kun san yadda gaba take faɗuwa in malami ya ce a fito allo. Kun san kunyar riƙe fensir a gaban mutane. Abin da yaronku yake ji ke nan a makon farko. Ku gaya masa. Sannan in ya zauna yin aikin gida bayan magariba, ku ɗauko naku littafin ku zauna kusa da shi, a kashe talabijin na rabin awa.

A cikin makonni biyun farko, uba ko uwa ya je ya ga malamin aji, tun babu wata matsala. Mai aikin safe ya je ranar hutunsa, ko maiɗakinsa ta je, ko kawu. Maganar ba ta wuce minti biyar:

"Malam, barka da aiki. Ni ne mahaifin wane. Aikin kamfani nake yi, wani makon da dare, shi ya sa ba za ka riƙa ganina ba. Ga lambata, ga ta mahaifiyarsa. In bai zo ba, ko ka ga wani abu, don Allah a kira mu."

Malamin da yake da yara fiye da yadda zai iya haddace sunayensu, wanda ya ga fuskar ubansa shi yake fara riƙewa. In an kira taron iyaye da malamai kuma a daure a je, domin a can ake yanke maganar kuɗaɗen da daga baya muke ƙorafi a kansu a majalisa.

Aiki

A amsa waɗannan da baki, a tattauna a aji:

1. Waɗanne ranaku ne ɗanka yake zuwa boko, waɗanne yake zuwa Islamiyya? Yaushe yake hutawa?
2. Me ya sa marubucin ya ce kada a ajiye yaro a gida har sai an yi albashi? Ka yarda da shi? In ba ka yarda ba, kawo hujjarka.
3. Da kai ne mahaifin Auta, me za ka yi washegari: ka je ka sami yaron da yake karɓe kuɗin, ko iyayensa, ko malami? Don me?

Lissafi: a ce kana da 'ya'ya 3, kowanne ana ba shi naira 100 kuɗin tara, kwana 5 a mako. Nawa ke nan a mako? Nawa ne a zango mai mako 13? Yarinya 'yar shekara 8 ta yi barci ƙarfe 10:30 na dare, an tashe ta 5:45 na asuba. Awa nawa ta samu, kuma nawa ya rage ta cika awa 9?

Rubutu: rubuta wa malamin ajin ɗanka wasiƙa mai layi huɗu, ka sanar da shi cewa yaron ba shi da lafiya ba zai zo ba yau. Ka sa kwanan wata, sunan yaron, ajinsa da lambar wayarka.

Kafin darasi mai zuwa, kowa ya buɗe littafin rubutun ɗansa ko na ƙanensa ko na jikansa, ya kwafo kwanan watan da ke shafin ƙarshe, ya kuma rubuto ƙarfe nawa yaron ya yi barci dare uku a jere. Ku zo da takardar, da ita za mu fara.